Wai "kowa ma yana sha": Haba 'yan'uwana matasa!

Daren jiya na zauna kusa da wasu samari suna kallon labarin wani ɗan tsere da aka dakatar saboda gwaji ya nuna ya sha ƙwayar ƙara kuzari. Ina jira in ji an yi Allah wadai, sai ɗayansu, wanda shi ma kullum da asuba yana fita atisayen gudu, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kowa ma yana sha, shi dai dubunsa ce ta cika." Sauran suka gyaɗa kai. Wallahi maganar nan ta hana ni barci.

Ƙannena, wasan nan da kuke so yana da ƙa'ida, kuma a rubuce take. Tun da Pierre de Coubertin ya tara mutane a Paris a 1894 aka kafa kwamitin Olamfik na duniya, ba a kan lambar zinare aka ɗora ginin ba. Kundin dokokin Olamfik ya ce wasa haƙƙin kowane ɗan Adam ne, a yi shi ba wariya, cikin abota da haɗin kai da gaskiya. Tun gasar Antwerp ta 1920 ake tsayar da ɗan wasa ya yi rantsuwa a madadin sauran, kuma a Sydney a 2000 aka ƙara a cikin rantsuwar cewa ba za a yi amfani da ƙwaya ba. To mai shan ƙwaya rantsuwa ya karya. Yaushe karya rantsuwa ya zama abin ɗaga kafaɗa?

Kowa yana sha? Ben Johnson na Kanada ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.79 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, duniya ta yi ta tafi, bayan kwana uku aka ƙwace zinaren aka ba Carl Lewis. Marion Jones ta kwashi lambobi biyar a Sydney, ta yi shekaru tana musu, a 2007 ta fito tana kuka ta amsa laifi, har ta yi zaman kurkuku na wata shida saboda ƙaryar da ta yi wa masu bincike. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yanzu ma fitsarin da aka karɓa akan ajiye shi har shekara goma a sake gwadawa. Ta haka aka gano Nesta Carter na Jamaika, a 2017 Usain Bolt ya mayar da zinaren gudun miƙa sanda na 2008 da suka ci tare da shi, alhali Bolt bai sha komai ba. Wake ɗaya ya ɓata gari.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba ku tuna wanda aka zalunta. A Sydney 'yan Najeriya huɗu suka zo na biyu a gudun miƙa sanda na mita 400, Amurka ta ɗauki zinare. Sai a 2008 Antonio Pettigrew, ɗaya daga cikin 'yan tseren Amurkan, ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun magunguna. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya zinarenta. Sunday Bada, ɗaya daga cikin huɗun, ya rasu a Disambar 2011. Bai taɓa riƙe ta a hannunsa ba, bai tsaya a kan dandamali an buga masa taken ƙasarsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku je ku gaya wa iyalinsa cewa kowa ma yana sha!

Kuma na lura bakin da ke faɗin wannan magana shi ne ke cewa rage shekaru a takarda wayo ne, satar amsa a jarrabawa taimakon kai ne. Ga cacar ƙwallo ta waya da ta mayar da yara ba sa kallon wasa sai lissafin abin da za su ci. Wanda ya sa kuɗi a kan sakamako ina ruwansa da yadda aka samo shi?

Ku gyara zukatanku, ku daina yi wa maguɗi uzuri ko da ɗan ƙasarku ne. Masu horarwa da iyaye su ma su ji tsoron Allah.

Da ba haka ake ba. A gasar nan ta 1988 da Johnson ya ji kunya, akwai wani ɗan ƙasarsu ta Kanada, Lawrence Lemieux, mai tseren jirgin ruwa. Yana na biyu a tseren ya hangi jirgin 'yan Singafo ya kife cikin igiyar ruwa, ya bar hanyarsa ya je ya tsamo mutum biyu, ya koma gida ba lambar gasa. Jiya na tambayi samarin nan ko sun taɓa jin sunansa. Babu ko ɗaya, kuma kafin in gama ba su labarin idanunsu sun koma kan waya.