Girman lamba ba shi ne kaifin gani ba

Mutane da yawa na zaton madubin hangen nesa na ido biyu mai lamba 20x50 ya fi mai 8x42 nuna abu tangaran. Ba lallai ba. Lambar farko yawan kusantowa ce, ta biyun faɗin gilashin gaba a milimita. Raba 50 da 20, faɗin hasken da ke isa ido milimita 2.5 ne kacal. Na 8x42 kuwa ya haura 5, shi ya sa ya fi haske da magariba. Ga kuma rawar hannu, wadda ke ninkuwa sau 20 a mai 20x50.

Kaifi daga ingancin gilashi da daidaituwar bututun biyu yake. In za ka gwada, kafe kowanne kan mariƙi, saita idon dama daban, ka karanta ƙananan rubutu daga mita 20, a tsakiya da gefe.