Jinin O ba laya ba ne

Assalamu alaikum ƴan uwa Musulmi.

Har yau a nan Yamai, in hirar korona ta taso a fada ana shan shayi, sai ka ji wani ya bugi ƙirji ya ce, "Ni jinina O ne, ba ta kama irinmu." Subhanallah! Ɗan uwa, wa ya yi maka wannan alkawari?

Maganar ba daga sama ta faɗo ba. A watan Maris na 2020, watan da cutar ta fara bayyana a Nijar, likitoci a ƙasar Sin sun lura masu jinin A sun ɗan fi yawa cikin majinyata, masu O kuwa sun ɗan ragu. A watan Yuni wani bincike a Italiya da Sifen ya nuna kusan haka ga waɗanda numfashinsu ya sarƙe. Daga baya aka duba dubban majinyata a Amurka, wasu masu binciken ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba. Ko waɗanda suka ga bambancin, ɗan rangwame suka ce. Masu O sun kamu, an kuma yi jana'izarsu. Abin da ya fi kwantar da mutane shi ne tsufa, ciwon suga, hawan jini da ciwon zuciya.

Ku dubi hikimar Ubangiji. Jinin nan na O yana rage tsananin zazzaɓin cizon sauro, amma in kwalara ta shigo gari da damina, mai O ya fi shan wuya. An ba ka nan, an rage maka can, don kada bawa ya manta shi bawa ne.

Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya nufi Sham, sai ya ji annoba ta ɓarke can, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce, i, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Umar ke nan fa, wanda Shaiɗan ke sake hanya in ya hango shi. Balle ni da kai. Kuma ko kai ka tsira da ɗan tari, tsohuwar da za ka durƙusa ka gaida da safe fa, da wane jini za ta tare abin da ka kwaso mata?

In har kana alfahari da O, ga inda alfaharin ke da lada. Mata na zubar da jini wurin haihuwa a asibitin Issaka Gazobi, yara na ɗashewa bayan zazzaɓi, dangi na ta kiran waya cikin dare ana neman leda guda. Mai O negatif, kusan kowa na iya karɓar jininsa. Cibiyar ƙarin jini ta ƙasa tana nan cikin gari, za su auna ka kafin su ɗiba, kuma ba ya cin rabin yini.