Abuja mai kujera biyu kacal

Na karanta wani labari na masu kira ga hukumar zaɓe INEC ta sake shata mazaɓun tarayya, kuma wallahi sun taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. A Kubwa nake sayar da kayan masarufi. Mu da Nyanya da Karu da Maitama da Gwarinpa duk ɗan majalisa ɗaya gare mu, na mazaɓar AMAC (ƙaramar hukumar birnin Abuja) da Bwari. Ɗaya kujerar kuma ta haɗa Abaji, Gwagwalada, Kuje da Kwali. Cikin kujeru 360 na Majalisar Wakilai, biyu ke nan rabon Abuja, ga sanata tilo. Kano 24 gare ta, Bayelsa 5.

Tun 1996 ake tafiya da wannan shaci, alhali sashe na 73 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa INEC sake duba shi. Lokacin ai wasu unguwanninmu gonaki ne! Yanzu ka tsaya gadar Kubwa da asuba ka ga tururuwar jama'a. Ko ɗan majalisar waliyyi ne, kunnensa biyu ne. Amma wace jiha za ta yarda a rage mata kujera don a ƙara mana?