Ƙannena matuƙa jirgi, ku ajiye wayar nan don Allah

Shekaranjiya da daddare muna majalisarmu a Unguwar Rimi ana shan shayi, wani aminina ya miƙo min wayarsa yana ta washe baki, wai Kyaftin zo ka ga ɗanka. Yaron wajensa ne, a gabana aka raɗa masa suna, bara waccan ya samu aiki da wani kamfanin jiragen sama. Bidiyo ya ɗora a sitatus, yana zaune a kujerar dama ta mataimakin matuƙi, farar riga, igiya biyu a kafaɗa, baƙin gilashi, an ɗora waƙa a kai. Kowa fuskarsa yake kallo ana masha Allah, ni kuwa tagar da ke bayansa nake kallo. Jirgin tafiya yake yi jama'a. An riga an turo su daga wurin lodi suna gangarawa titin tashi, hannunsa ɗaya riƙe da waya, shi kuma kyaftin ɗin nasa, babba da shi, yana ɗaga wa kyamara yatsu biyu. Wallahi shayin nan ban ƙarasa shi ba.

Ƙannena, 'ya'yana, ko a Zariya kuka yi karatun nan ko a waje, wane malami ne bai karanta muku dokar ba? Daga lokacin da jirgi ya motsa har ya haura ƙafa 10,000, haka ma in ya sauko ƙasa da hakan zai sauka, ba hira, ba ciye-ciye, ba komai sai abin da ya shafi tuƙi. Amurka ta kafa dokar a 1981, kuma sai da aka kwashi gawawwaki kafin a rubuta ta. A 1974 jirgin Eastern ya faɗi kusa da Charlotte yana shirin sauka, mutum 72 suka mutu, da aka saurari baƙin akwati sai aka ji matuƙan suna hirar siyasa da ta motocin gwanjo. Hira ce kawai fa, a zamanin da ba waya a aljihun kowa. To ina ga kai da ka haɗa hira da selfi da duba wa ya yi maka laik?

Taura biyu ba ta taunuwa. Mintocin nan kafin tashi su ne lokacin cekilis, wato jerin abubuwan da dole a duba a jirgi ɗaya bayan ɗaya, ɗaya ya karanta, ɗaya ya duba da idonsa, ya kai hannu ya taɓa, sannan ya amsa. Abin da ke ci min rai shi ne kun mayar da ita hadda, baki na zuba hankali na can wani wuri, kamar yaro a makarantar allo yana rera karatu idonsa na kan masu ƙwallo. Kun ji labarin jirgin Delta a Dallas, watan Agusta 1988? Sun daɗe a layi suna jiran izinin tashi, suka ɓarke da hira da wata ma'aikaciyar jirgin. Da aka zo kan filaf, leɓen fiffiken nan da ake saukewa don jirgi ya iya ɗagawa kafin gudunsa ya yi yawa, aka tambaya, baki ya amsa daidai yadda ya saba, amma filaf na nan a naɗe ba wanda ya taɓa shi. Mutum 14 suka tafi. Shekara guda kafin nan, 16 ga Agusta 1987, jirgin Northwest a Detroit, shi ma filaf, an canza musu titin tashi suka shagala, cekilis ɗin tafiyar ƙasa ba a ma karanta ta ba. Mutum 154 a cikin jirgi, 2 a ƙasa, yarinya ɗaya 'yar shekara huɗu ce kaɗai ta rayu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na san abin da za ku ce, don an sha faɗa min: Baba ai jirgi na da ƙararrawa, in ka manta filaf zai yi maka ihu. Toh a Detroit ƙararrawar ba ta yi ihu ba. A Dallas ba ta yi ba. A Madrid, 20 ga Agusta 2008, jirgin Spanair, ba ta yi ba, sun koma gyara sun makara suna ta sauri, ana cikin karanta cekilis aka katse ta don a kira hasumiya, wato masu ba jirage izinin motsi da tashi, daidai kan layin filaf, mutum 154 daga cikin 172 ba su koma gida ba. Sauri ya haifi nawa kenan. Na Detroit da Madrid fa aikin jirgi ne ya katse su, ba TikTok ba. Kai da ka janyo wa kanka abin shagala da hannunka me za ka ce wa Allah?

Kuma ba ku kaɗai ba ne, ciwon ya gama gari. Ka bi hanyar Kaduna zuwa Zariya ka ga direba na sharara gudu yana amsa saƙo da babban yatsa, mai keke ya toshe kunnuwa biyu a tsakiyar Kawo ana ta yi masa hon bai ji, ranar Juma'a liman na huɗuba matashi na latse-latse a sahu na biyu. Sannan ga son a sani, yunifom ɗin da muke ninkewa mu sa a jaka da an tashi aiki yanzu shi ake sawa a je wurin biki don 'yan mata su gani. Ku yi haƙuri na kauce, abin ne da ciwo.

Ita kanta cekilis ɗin ba don jahilai aka ƙirƙiro ta ba. A 1935 wani sabon jirgin Boeing ya faɗi wurin gwaji a Ohio, ƙwararren matuƙin gwaji ne a kai, abin da aka manta kawai shi ne sakin makullin sitiyari. Daga nan suka gane ƙwaƙwalwa komai kaifinta tana zamewa. Kai kuma da awoyinka ba su taka kara sun karya ba har ka fara jin takarda ta yi maka kaɗan. Sabo turken wawa. Kar kuma wani ya ce min tsautsayi ba ya wuce ranarsa, an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna sannan ka yi tawakkali.

Kyaftin ɗin da ya fara ɗaukata, Allah ya jiƙansa, in aka rufe ƙofa ko tarin banza ba ka isa ka yi ba. Wata rana ina tsakiyar karantawa hasumiya ta kira mu, na amsa, na ci gaba daga inda nake zaton na tsaya, ya ɗora hannu a kan takardar ya ce yaro koma sama. Muka faro daga layin farko fasinja na jira. A lokacin na ji haushinsa, yau addu'a nake masa. Irinsu sun ƙare, yanzu babban ne ke gyara hula don ya fito da kyau a bidiyon ƙaramin, wa zai tsawata wa wa?

Ku dai ji tsoron Allah, ku kula, mutanen da ke bayanku akwai mai zuwa asibiti, akwai amarya, akwai tsohuwa mai tafiya Umara da ta shekara goma tana tara kuɗi.

Shi yaron na tura masa saƙo a daren, na ce ɗana cire abin nan ka kira ni. Ya cire, ya turo min hannu biyu na ban haƙuri da fuska mai dariya, kiran dai har yanzu shiru. Uban nasa kuma ya riga ya watsa bidiyon a gurup ɗinmu na 'yan unguwa ana ta zuba masa addu'a, ni har yanzu na rasa ta inda zan fara masa bayani.