Fumfunar da ke kashe jemagu a Amurka ba ta da aikin yi a Kano

Hoton jemage mai farin hanci ya sake zagayowa a WhatsApp, da gargaɗin wai sabuwar annoba ce ke tafe, a kashe duk jemagen da aka gani a silin ko kan bishiya. Har da masu digiri a cikin masu turawa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Farin nan fumfuna ce mai suna Pseudogymnoascus destructans, wadda aka fara gani a wani kogo a jihar New York a 2006. Sanyi take so, da zafi ya haura digiri 20 ta daina girma. Tana kama jemagu ne lokacin dogon barcinsu na hunturu, sa'ad da jikinsu ya yi sanyi kamar bangon kogon. Ta ci fatar fukafukansu, ta dinga tashinsu daga barci har kitsen da suka tara ya ƙare, yunwa ta kashe su. Miliyoyi sun mutu. Ba ta kama mutum. To a Kanon da ake kwana a tsakar gida a watan Afrilu, ina za ta sa kanta?

Abin da ya biyo bayan mutuwar jemagun shi ya kamata ya hana mu barci. Eyal Frank na Jami'ar Chicago ya wallafa bincike a mujallar Science a 2024: a yankunan da cutar ta shiga ta kashe jemagun da ke cinye ƙwari, manoma sun ƙara feshin maganin ƙwari da kusan kashi 31 cikin 100, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8. Wannan a ƙasar da ake sa ido kan magani ke nan. Mu da ake sayar da fiya-fiya a kwalbar da ba ta da ko takarda, mu da Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 saboda guba, mu ne za mu kori mai cinye mana ƙwari kyauta? Manomin tumatir a Kadawa da Kura, wanda tsutsar sharon ta durƙusar a 2016, ya san kuɗin feshi.

Masu cewa jemage na ɗauke da ƙwayar cutar Marburg mai kisan mutane da makamantanta, mun ji: kada a ci, kada a taɓa da hannu, shi ke nan.

Mu ba ma buƙatar fumfuna, gatari da danƙo sun ishe mu. Kowace tsohuwar bishiya da aka sare don faɗaɗa titi ko kafa shaguna, gidan jemagu aka rushe, kuma manyan cikinsu su ke barbarar furen kuka da ɗorawa da dare. Mai son daddawa a miya ya tuna da haka.

Ya kamata Ma'aikatar Muhalli ta daina ba da izinin sare manyan bishiyoyi kamar rabon goro, malaman Jami'ar Bayero kuma su fito rediyo su yi wa mutane bayani, kafin yara su gama da sauran.