Alhaji Mai Kwali

Peugeot 504 ɗin da nake hawa ta girmi ɗana na fari. Ta Baffana ce, Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna. Ranar rabon gado kowa ya kau da kai, ni kuwa na ce a ba ni. Motar da ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969, aka yi ta haɗa ta a ƙasar nan har zuwa 2006, ai ba a barinta kaji su yi ƙwai a ciki.

A daminar bara na afka wani rami da ruwa ya rufe. Rim ɗin gaba ya lanƙwashe, taya ta daina riƙe iska. Mai faci ya yi ta dukansa da guduma har ya haɗa gumi, sannan ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, wannan ya gama aikinsa a duniya."

Na nufi Panteka hankalina kwance. Na ce rim ɗin Peugeot nake so, mai huji huɗu. Wani yaro ya ruga ya dawo da na alminiyam, sai walƙiya yake yi. "Na Peugeot ne?" "Wallahi Alhaji, daga jikinta aka kwance." Kuma gaskiya ya faɗa, daga jikin 406 aka kwance. Na biya, na kai wa bakanikena ina taƙama. Ya ɗora, huji ɗaya ya hau, sauran ukun suka tsaya suna kallon notinansu daga nesa.

Sai da ya gama dariya ya ɗauko tef ya yi mini karatu. Ba yawan hujin ake dubawa ba, tazararsu ake aunawa, daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Na 406 milimita 108 ne, haka na 206 da 307. Tsohuwar Golf 100. Tsohuwar Accord 114.3. Tawa kuwa 140, ita da ƙanwarta 505, sai wasu tsofaffin Subaru da ni dai ban taɓa cin karo da su a unguwarmu ba. Ya yago kwalin taliya, ya manna a jikin ƙafar motar, ya huda wurare huɗu da sukudireba. "Oga, ka riƙe wannan. Duk wanda bai dace da shi ba, ko kyauta ne kar ka karɓa."

Daga nan na zama mutum mai yawo da kwali. Duk tulin ƙarfen da na gani sai na durƙusa na gwada. Kafin wani lokaci 'yan kasuwa sun san ni, tun daga nesa ake cewa, "Ga Alhaji mai kwali nan, ku ɓoye na Golf." Wanda na saya kuwa da na mayar, yaron ya ce ogansa ya tafi ɗaurin aure, kuma da alama har yau ana can ana ɗaurawa.

Shawarwari kam na sha su. Wani mai walda ya ce in kawo na alminiyam ɗin ya buɗa hujin, ko bai shiga ba zai sa shi ya shiga. Na tambaye shi in ina gudu a hanyar Zariya fa? Ya ce ai komai na Allah ne. Wani dattijo ɗan gwangwan ya ce na makara, irin waɗannan tuni an auna su a sikeli an kai kamfanin narka ƙarfe. Uwargida kuma tata shawarar ba ta canzawa: a sayar da motar a sayi firji.

Wata safiya na tsaya sayen ƙosai, idona ya sauka kan murhun matar. Rim ne, baƙi ƙirin, mai huji huɗu. Na zaro kwali daga aljihu.

"Inna, don Allah ɗan sauke kaskon nan."

Ta dube ni, ta dubi kwalin, ta jawo jikanta kusa da ita. Sai da na saye ƙosan da ke cikin mai gaba ɗaya ta yarda. Muka jira ya huce, na ɗora kwali, ya zauna daram. Na kira bakanike murya na rawa. Ya ce ƙarfen da ya shekara yana cin wuta kullum ba zai ɗora wa iyalina a kai ba, in kuma na matsa, in nemi wani bakaniken. Na koma gida da ƙosan da ya ishi makwabta.

Inda aka dace shi ne ƙauyen su uwargida, mun je gaisuwa a motar haya. Ana cikin hira na ji an buga ƙararrawar tashi a firamaren da ke bayan gida. Na leƙa ta katanga: rim ne rataye a reshen dalbejiya, wani yaro na jibgarsa da guntun rodi. Ban ko nemi takalmina ba. Inci 14, huji huɗu, kwali ya hau kamar don shi aka yanka.

Hedimasta ya saurare ni da natsuwa, ya ce, "Malam, kayan makaranta ne, ba na sayarwa ba." Na ce musaya za mu yi, in ba shi na alminiyam, sabo fil. Da na kawo aka rataya, yaron ya buga, sai wani ɗan sauti ya fito wanda ko 'yan aji ɗaya da ke gindin bishiyar bai tayar ba. Hedimasta ya girgiza kai. Na buɗe but na fito da lanƙwasasshen nawa. Bugu ɗaya, awakin da ke bakin masallaci suka watse.

An yi musaya, na ƙara da kwalin alli biyu da kuɗin igiya. Bakanike ya kankare tsatsa, ya juya shi ya ga bai karkace ba, ya ɗaure noti huɗu ba gardama. Na alminiyam ɗin yana tsakar gida, an ɗora masa randa. Yanzu safaya nake nema, don haka duk makarantar da na wuce sai na rage gudu.