An ninka ɗaliban likitanci, wa zai duba hannunsu?

Tun da gwamnatin tarayya ta ninka guraben ɗaliban likitanci daga 5,000 zuwa 10,000 ake ta tafi, wai an samo maganin guduwar likitoci zuwa Ingila da Saudiyya. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun fice daga ƙasar nan cikin 'yan shekaru. Masu tafin sun manta cewa cikin waɗanda suka tafi har da masu koyarwa da masu jarraba ɗalibai. To wa zai tsaya a bakin gado ya ce wannan yaro ya iya, wancan ya koma ya sake?

Kwamfuta za ta iya tantance wanda ya haddace littafi. Amma yadda ɗalibi zai tambayi majinyaci tarihin ciwonsa, ya latsa ciki, ya saurari ƙirji, ya kuma yi wa tsohuwa bayani da Hausa ba tare da ya tsinka mata zuciya ba, wannan sai gogaggen ido. Babban likita a asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika, ga zagayen ɗakunan jinya, ga layin masu jiran ganinsa, yaushe zai zauna ya nazarci hannun kowane ɗalibi?

Alhali ga likitocin da suka yi shekara talatin suna wannan aiki, ƙa'idar ritayar nan da aka daɗe ana bi ta shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki ta sallame su da sauran ƙarfinsu. Ba sa neman ƙarin girma, ba sa tsoron shugaban sashe, kuma ɗan wane da wane bai isa ya sa su ƙara masa maki ba. Wannan kaɗai ya ishe ni hujjar a dawo da su su riƙa jarraba ɗalibai.

Ana cewa ilminsu ya tsufa, sai ka ce hanta ta sauya mazauni tun da suka ajiye aiki. Wasu kuma wai za su tare wa matasa wuri. Waɗanne matasan? Na Jidda ko na Landan?

Hukumar MDCN mai kula da aikin likitanci a Najeriya da kwalejin horar da ƙwararrun likitoci da ke Legas su buɗe rajistar waɗanda ke shirin ritaya, a ɗan sabunta musu tsarin ba da maki, a riƙa gayyato su lokacin jarrabawa. A kuma biya su alawus ɗinsu kafin su bar harabar asibitin, ba bayan wata shida ba.